Suna Ɗaya Daga Cikin Goma

Fort Wayne, Indiana
6 ga Oktoba, 2003

Kawu Wendell,

Gaisuwa mai yawa daga ni da 'yata Renee. Yaya jikinka, yaya ƙafar Gwaggo Irma? An ce sanyi ya riga ya sauko muku a Marquette. Mu nan lafiya lau, ana tsakiyar girbin masara da waken soya, wayoyin ofishinmu ba sa hutawa.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Rabonmu da juna tun jana'izar Mama, shekara shida ke nan, kuma ban da katin Kirsimeti ban taɓa aiko maka da komai ba. Ka yi haƙuri. A duk danginmu kai kaɗai ka taɓa riƙe mutane a babban kamfani, kuma Mama ta sha cewa ɗan baffanta Wendell bakinsa ba daɗi amma ba ya ƙarya. Irin wannan bakin nake nema yau.

Wata goma ke nan da aka ba ni manaja a sashen kayan gyara na kamfaninmu na injinan noma. Mutum goma ne a ƙarƙashina. Dillalin injinanmu zai bugo waya daga Iowa ko Nebraska ya ce injin girbin wani manomi ya tsaya a tsakiyar gona, mu kuma mu gano abin da ya lalace mu tura kafin ruwa ya ɓata masa amfani. Lokacin da na karɓe su, su ne na ƙarshe a cikin ƙungiyoyi takwas na sashen. Da yawan kira ake auna mutum, don haka kowa tseren kira yake. In matsala mai wuya ta zo, irin tsohon injin da aka daina ƙerawa tun ina firamare, sai kowa ya tura wa na kusa da shi, manomi yana can yana kallon sama.

Sai na canza tsari. Akwai wani Harlan Yoder, shekararsa hamsin da takwas, talatin da ɗaya daga ciki a kamfanin nan ya yi su. Ka karanta masa rabin lamba a waya, zai gaya maka ƙarfen da kake nema da shekarar da aka canza masa fasali. Na ce masa, "Harlan, daga yau duk kira mai wuya naka ne, sababbin nan kuma su zauna kusa da kai su koya." Ya ce, "Yawan kirana zai faɗi fa, Nadine." Na ce, "Wannan matsalata ce, ba taka ba." Yanzu saura na amsa kira arba'in a rana, shi sha biyu. Amma sha biyun nan su ne waɗanda suka gagari kowa. Mun tashi daga na takwas mun koma na biyu.

Ranar Juma'a fom ɗin ƙarshen shekara ya sauko daga hawa na shida, inda manyan kamfani suke. Ka san shi ai, a jera ma'aikata goma: biyu a sama, bakwai a tsakiya, ɗaya a ƙasa. Na ƙasan a ba shi kwana casa'in, sannan mai gadi ya raka shi bakin ƙofa da kwalin kayansa. Ba a tambayar ko akwai malalaci a cikinku, dole dai a samu ɗaya. Ni kuwa ba ni da shi. In aka bi yawan kira, Harlan ne zai faɗa.

Ba zan rubuta sunansa ba. Ba shawarar wannan nake nema ba, na riga na yanke. Abin da nake so ka gaya mini shi ne yadda ake ƙi a tsira.

Taka,
Nadine

Marquette, Michigan
14 ga Oktoba, 2003

Nadine 'yar Loretta,

Wasiƙarki ta iso, na gode da kika tuna ina raye. Irma ta ce in rubuta miki ƙafarta da sauƙi. Ƙarya ce, amma na rubuta. Ni lafiyata ƙalau, sai dai likita ya hana ni gishiri, ya hana ni naman alade, saura ya hana ni numfashi. Ki gai da Renee, ki ce mata akwai wani tsoho a nan da bai taɓa ganin hotonta ba tun tana da giɓi.

To, manaja! Na karanta sau biyu, na yi dariya sau ɗaya. Taurin kan nan na Loretta ne sak. Ita ma haka take tambaya bayan ta gama yanke hukunci.

Kin tambayi yadda ake ƙi a tsira. Ba a yi. Shekara goma sha ɗaya a jere na cike irin fom ɗin nan a masana'antarmu ta Milwaukee, na ga masu zuciya irin taki sun zo sun wuce. Abin da ake yi dabara ce. In akwai wanda kike jin ƙishin-ƙishin zai bar aiki, sa sunansa, ba abin da ya yi asara. In babu, ki nemi wani manaja ku yi musaya, ya ɗauki nauyin bana ki ɗauki na baɗi. Masu hangen nesa kuwa tun bazara suke ɗauko wani rago su ajiye. Mu a zamaninmu tolotolo muke kiransa: a kiwata shi duk shekara, a yanka a Nuwamba lokacin bikin godiya. Ke ba ki ajiye tolotolo ba, wannan kuskuren sabon shiga ne, baɗi kya gyara.

Bana kuwa amsa tana cikin wasiƙarki. Ke da kanki kika ce mutumin sha biyu yake yi inda saura ke yin arba'in. Shekara hamsin da takwas, ya ci zamaninsa. Kina da yarinya da za ta shiga jami'a, kina da mutum tara da ke bukatarki a kujerar nan. Manajan da aka kora ba ya kare kowa. Ki rubuta, ki sa hannu, ki gaya masa da sassafe ranar Litinin, kada ki yi kuka a gabansa. Sati biyu za ki ji ciwo, daga nan ya wuce.

Kawunki,
Wendell

Fort Wayne
27 ga Oktoba, 2003

Kawu,

Ina fata kai da Gwaggo Irma kuna lafiya. Ga hoton Renee na sa a ciki, giɓin ya daɗe da cikewa. Ni kam lafiyar jiki akwai ta.

Ka ce sau biyu ka karanta. To, sau biyu ka tsallake layi ɗaya. Ka ga "sha biyu" ka tsaya, ba ka ga inda na ce ni na sa shi ba. Haka 'yan hawa na shida suke karatu, ashe a makaranta ɗaya kuka yi.

Ranar Talata shugabana, Mista Kessler, ya kira ni ofishinsa. Mutum ne mai yawan murmushi, ko korarka zai yi sai ya fara tambayar lafiyar karenka. Ya zuba mini kofi, ya ce, "Nadine, ke kaɗai ba ki kawo suna ba."

Na ce, "Ba ni da na ƙasa."

Ya ce, "Kowa na da na ƙasa. Ko a aljanna akwai wanda ya shiga na ƙarshe."

Na ce, "Amma ba a ba shi kwana casa'in."

Ya yi dariya, sannan ya jawo wata takarda ya ajiye a gabana. Duk Janairu manaja kan rubuta wa kowane ma'aikaci abin da ake so ya cimma a shekarar, kuma da wannan takarda ake auna shi a ƙarshe. Ni a Janairun nan ina fama da sabon aiki, sai na ɗauki takardun yadda aka bugo su daga sama, na sa hannu a kan goman cikin minti biyar. Ta Harlan tana cewa kira arba'in a rana. Na canza wa mutum aiki da baki, ban canza a takarda ba. Kessler ya ɗora yatsa a kan sa hannuna ya ce, "Wannan naki ne ko?" Nawa ne.

Washegari Harlan ya same ni a wajen ajiye motoci. Ban san wa ya fesa masa ba, amma ka san ofis. Ya miƙo mini tuffa daga lambunsa kamar yadda ya saba, ya ce, "Yarinya, sa sunana kawai."

Na ce, "Wa ya ce maka ana neman suna?"

Ya ce, "Haba, na ga fom ɗin nan tun kina sa takalmin makaranta. In ba ni ba ne, Marisol ce, ita ce ta biyu daga ƙasa, ga ta da goyo. Ni na gama renon nawa. Matata ma ta gaji da yankan ciyawa ita kaɗai."

Na ce, "Harlan, koma ka amsa waya, akwai wani manomi a garin Kearney da injinsa ya girmi Marisol."

Ya ce, "Kin fiye gardama."

Na ce, "A gida na gada."

Yana tafiya na shiga mota na yi kukan da ka hana ni yi. Mutumin nan bai taɓa yin wani aiki ba sai wannan. Wa zai ɗauki mai shekara hamsin da takwas da aka buga wa hatimin na ƙasa? Kuma tara ɗin da ka ce suna bukatata, me zan ce musu baɗi in na ce wani ya ɗauki kira mai wuya? Duk sun gani da idonsu abin da ake yi wa wanda ya yarda da maganata. Za su koma tseren kira, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Tolotolo! Na karanta kalmar nan a tsaye, sai da na zauna. Shekara goma sha ɗaya, mutum goma sha ɗaya ke nan. Ka ce ciwon sati biyu ne. To ina tambayarka, Kawu, kana iya tuna sunan ko ɗaya daga cikinsu?

Nadine

Fort Wayne
20 ga Nuwamba, 2003

Kawu,

Ina gaisuwa, a gai da Gwaggo.

Sati uku ke nan ina duba akwatin wasiƙa, shiru. Na bugo waya sau biyu ba a ɗauka ba. Na fahimta. Yarinyar da ba ta neme ka ba shekara shida ta zo tana tuhumarka a cikin gidanka. In fushi ka yi, kana da hujja, amma ba zan janye tambayar ba.

Ranar huɗu ga Disamba za a yi zaman tantancewa, manajoji takwas da Kessler da wata daga ofishin kula da ma'aikata. Kowa zai kawo sunansa a manna a bango. Wani daga cikinsu ya riga ya yi mini tayin musayar da ka faɗa, na ce ya riƙe kayansa. Farar takarda zan kai. Su yi abin da za su yi.

Ranar Alhamis mai zuwa, ranar bikin godiya, ni da Renee za mu gasa namu tolotolon, na gaske, wanda ba shi da mata da lambun tuffa. Allah ya ba ku biki lafiya.

Nadine

Marquette
1 ga Disamba, 2003

Nadine,

Ina gaishe ki daga kan gado. Ba fushi na yi ba, faɗuwa na yi. Ranar talatin ga Oktoba na fita share dusar ƙanƙara, santsi ya kwashe ni, ƙashin kwankwaso ya karye. Wata guda ina asibiti, Irma tana kwana wajen ƙanwarta don ta fi kusa. Shekaranjiya aka dawo da ni, na tarar da wasiƙunki biyu a cikin tarin takardun talla. Renee ta yi kama da kakarta, Allah ya taimaki wanda zai aure ta.

Kin yi tambaya. Ga amsa, ban duba ko'ina ba.

Orval Jensen. Stanley Wozniak. Cleophus Reed. Bud Lindqvist. Arlene Novak. Hector Salinas. Dale Kuhn. Lamar Tibbs. Rudy Pavlik. Joyce Amundsen. Emmett Shaw.

Orval ne na farko, shi ya koya mini aikin injin yankan ƙarfe. Arlene mijinta na kwance lokacin. Emmett ni na ɗauko shi a watan Afrilu ina sane da abin da zan yi da shi, kuma ya kawo mini kifin da ya kama ranar da ya cika wata shida. Loretta ta ce miki ba na ƙarya. Na yi miki ɗaya, wadda na ce sati biyu ne.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don wannan ba shawarar tsoro ba ce. Kada ki kai farar takarda. Na ga an yi. Farar takarda ba ta ceton kowa, Kessler zai ɗauki biro ya cike da kansa, ke ki fita da hannu mai tsabta, Harlan ya fita da kwali. Su adadi suke so, sai ya cika za a tashi daga zaman nan. In za ki ƙi, ki shiga da abin da za ki ajiye a gurbinsa. Mene ne, ban sani ba. Da na sani da na yi.

Na ba ɗan maƙwabta wasiƙar nan ya kai gidan waya yau. Allah ya sa ta riga zaman isowa.

Wendell

Fort Wayne
8 ga Disamba, 2003

Kawu,

Sannu da jiki, sannu ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙi. Ka yafe mini zargin da na yi maka, ina nan ina cika ina batsewa ashe kana kwance. Ka bar shebur ɗin nan don Allah, ka ba wa Gwaggo haƙuri a madadina.

Wasiƙarka ba ta riga zaman ba, ranar Asabar ta iso, kwana biyu bayan an gama. Na shiga da farar takardata ina jin kaina. Komai ya tafi yadda ka faɗa, kamar kana leƙe ta taga.

An manna sunaye bakwai a bango, kowanne a 'yar takarda ruwan ɗorawa. Ana cin biskit ana cewa, "Ai wane mutumin kirki ne, amma." Da aka zo kaina na ce babu. Kessler bai ko ɗaure fuska ba. Ya ce, "Ba komai, Nadine, bari in sauƙaƙa miki." Ya ɓare sabuwar takarda, ya cire murfin biro, ya rubuta H.

Ban shirya abin da na faɗa ba. Na ji dai na miƙe na ce, "Mista Kessler, dakata. Wanda bai yi aikinsa ba ake nema, ko ba haka ba?"

Ya ce, "Haka ne."

Na ce, "To akwai shi a ƙungiyata, har da shaida. Dokar kamfani ta ce manaja ya rubuta wa kowa takardar Janairu daidai da aikin da ya ba shi. Harlan ya yi duk abin da aka sa shi. Wadda ta sa hannu a takardar ƙarya ita ce ba ta yi nata ba. Kai da kanka ka nuna mini."

Wani ya ce, "Kai, Nadine, zauna mana." Na ce ban gaji ba.

Na juya wajen matar ofishin ma'aikata na ce, "Manajoji suna cikin adadin sashen nan ko ba sa ciki?" Ta buɗe fayil ta duba, ta ce suna ciki. Na ce, "To ga na takwas ɗinku."

Kessler ya ce, "Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

Na ce, "Wannan karon na karanta kafin in sa hannu."

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Bai yi gardama ba. Na zaci zai ce a'a, ba za mu rasa wadda ta ɗaga ƙungiya daga na takwas zuwa na biyu ba. Ina! Ya yaga mai H ɗin, ya rubuta sunana, ya manna, ya duba agogo. Gaskiyarka, adadi suke so. Ƙarfe sha biyu saura aka tashi, kowa ya tafi cin abinci.

Harlan bai gode mini ba. Ya shigo ofishina ya rufe ƙofa, fuskar nan ja wur, ya ce, "Wa ya aike ki?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya ce, "Na ce ki sa nawa! Baɗi wani sabo zai zo ya ga sha biyu, ya sa ni, kin yi asarar aikinki a banza. Wannan wace irin wauta ce?"

Na ce, "Harlan, ka iya ƙirga? Kwana casa'in daga huɗu ga Disamba ina ya kai?"

Ya ƙirga da yatsu, ya ce Maris.

Na ce, "Janairu fa, kafin Maris take ko bayanta?"

Sai ya ja kujera ya zauna.

Har ran uku ga Maris ni ce manajarsu, Kawu, kuma ni zan rubuta takardun Janairu. Na riga na fara. Ta Harlan tana cewa kira mai wuya sha biyu a rana da koyar da sababbi. Ta Marisol na sa mata kira uku masu wuya a kusa da shi, don wata rana zai tafi lambunsa da ƙafarsa. Ɗaya bayan ɗaya nake rubuta goman, kowa na zaune a gabana yana karantawa, kuma Kessler zai sa hannu a ƙarƙashin nawa, doka ce. Wanda zai gaje ni zai sami fom ɗinsa a Oktoba, wannan ban iya hana shi ba. Amma ba zai ce takarda ce ta zaɓa masa ba.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Renee ta ce, "Mama, ke fa ba ki iya faɗa ƙarami ba." Na fara aika takardun neman aiki, biyu sun riga sun ce a'a.

Na karanta sunayen nan goma sha ɗaya a tsaye a kicin, na sake karantawa da ƙarfi. Na ajiye su a aljihun tebur, ba don in riƙe ka da su ba. Idan Emmett Shaw yana raye, ka rubuta masa, ka san hannunka bai karye ba, kwankwaso ne.

A Maris zan sami lokaci fiye da yadda nake so. Ni da Renee za mu zo Marquette, in share maka ƙofar gida da kaina. Harlan ya ce in kawo maka tuffa. Ni jerina suna ɗaya ne, Kawu, kuma da shi zan sa hannu a ƙasan wasiƙar nan.

Nadine Pruitt
Manaja, sashen kayan gyara